Farin da ke kan harshe: Me ya sa muke sayen magani mu bar gwaji?

Da wuya a sami uwa a ƙasar Hausa da ba ta san wannan farin abu mai kama da guntayen kindirmo ba, wanda kan lulluɓe harshen jariri da cikin kumatunsa a makonnin farko na haihuwa, har ya riƙa ƙin kama nono yana kuka. A wajen jariri sabon haihuwa galibi abin ba na tayar da hankali ba ne, domin garkuwar jikinsa ce ba ta gama ƙwari ba, kuma da an ɗiga masa magani na 'yan kwanaki sai ya washe. Amma idan irin wannan fari ya bayyana a bakin baligi, magidanci ɗan shekara 35 ko matar aure mai 'ya'ya huɗu, ya daɗe bai tafi ba, ko kuwa ya tafi ya dawo, to magana ta sha bamban. Bakin baligi mai cikakkiyar lafiya ba ya yin wannan funfuna haka siddan. Galibi idan aka gan ta, akwai abin da ya raunana jikin daga ciki, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da kan yi wannan aiki shi ne ƙwayar cutar HIV mai karya garkuwar jiki.

Ra'ayin da nake son in gabatar wa mai karatu a yau gajere ne, sai dai na san ba kowa zai yi masa daɗi ba. Duk baligin da ya je asibiti, ko ɗakin shan magani, ko shagon mai kemis da wannan farin baki, bai kamata ya bar wurin ba sai an yi masa tayin gwaji guda biyu: gwajin sukari da gwajin HIV. Abin da ke faruwa a yawancin garuruwanmu kishiyar haka ne. Mutum zai shiga kemis ya buɗe baki ya nuna, mai shago ya miƙo masa ruwan magani ko ƙwayoyi, ya biya ya tafi. Bayan mako guda farin ya ɓace, hankalinsa ya kwanta, ya gode wa Allah ya ci gaba da harkokinsa. Bayan wata biyu abin ya dawo, ya sake komawa. Haka za a yi ta yi har shekara ta zagayo, ana share alama ana barin cuta tana ci gaba da ɓarna, sai ranar da aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti da tarin fuka ko ciwon kai mai gusar da hankali. A ranar ne za a yi gwajin da ya kamata a ce an yi tun bara.

Domin a fahimci dalilin wannan matsayi nawa, ya kamata a san mece ce wannan funfuna. Likitoci na kiranta kandida, wata halitta ce 'yar mitsitsiya dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Bincike ya nuna cewa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutane masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da ita a bakinsu ba tare da ta dame su ba, haka nan tana zaune a cikin hanji da kuma al'aurar mata, inda takan haddasa ɗaya daga cikin nau'o'in abin da mata ke kira ciwon sanyi. Abubuwa uku ne ke taka mata burki a baki: yawu, da sauran ƙananan halittu masu amfani da ke gogayya da ita wajen abinci da mazauni, da kuma garkuwar jiki. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren ma tuni yana cikin gida, jira kawai yake mai gadi ya yi barci.

Mai gadin kuwa shi ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4. Aikinsu shi ne tsara yaƙi, su ne ke ba sauran dakarun jiki umarnin inda za su kai farmaki, kuma wani ɓangare nasu ne ke da alhakin tsaron fatar cikin baki da maƙogwaro da hanji. Su ne kuma ainihin abin da HIV ke farauta. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 na waɗannan ƙwayoyi a cikin ɗan ma'aunin jinin da ake lissafi da shi. Idan HIV ta shiga jiki ba a yi magani ba, takan ɗauki kimanin shekaru 8 zuwa 10 tana cinye su sannu a hankali, mutum yana yawonsa garau, yana kasuwa, yana ofis, yana aure yana haihuwa, babu wanda zai kalle shi ya ce yana da wani abu. Funfunar baki ta fi bayyana ne idan adadin ya gangaro kusa da 200 ko ƙasa da haka. Ma'ana, lokacin da farin ya hau harshe, an riga an ci fiye da rabin rundunar, amma galibi akwai sauran dama ta ceto mutum. Wannan ita ce darajar alamar. Tana zuwa ne a daidai gaɓar da ke tsakanin shekarun da cutar ke ɓoye da watannin da take kisa, kuma ana ganinta da ido, ba a buƙatar na'ura.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Rahoton farko da ya sanar da duniya ɓullar ƙanjamau, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar ranar 5 ga Yuni, 1981, ya yi bayani ne a kan samari biyar a birnin Los Anjeles da suka kamu da wani baƙon ciwon huhu, kuma dukkansu biyar ɗin an same su da kandida. A 1984 wasu likitoci a birnin New York suka bi diddigin mutum 22 da suka zo da funfunar baki ba tare da wani sanannen dalili ba, sai 13 daga cikinsu suka faɗa cikin cikakkiyar cutar ƙanjamau, rabinsu a cikin kimanin wata uku kacal. Kafin a samu magungunan da ake da su yanzu, an ƙiyasta cewa har kusan mutum 9 cikin 10 na masu ƙanjamau kan gamu da wannan funfuna a wani mataki na jinyarsu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta kasa cutar zuwa matakai huɗu domin amfanin ƙasashen da ba su da wadatattun ɗakunan gwaji, ta sanya funfunar baki mai naci a mataki na uku, ta sanya wadda ta gangara cikin bututun da abinci ke bi zuwa ciki a mataki na huɗu, wato na ƙarshe. Duk wanda ya yi makarantar koyon aikin jinya ko ta kiwon lafiyar al'umma an karantar da shi wannan. Matsalar ita ce ilimin ya tsaya a littafi da zauren jarrabawa.

Kamanninta ma ba ɗaya ba ne, kuma a nan ake yawan kuskure. Wadda aka fi sani ita ce mai farin danƙo a harshe da kumatu da ganɗa, wadda idan aka goge ta da auduga takan fita ta bar wurin ja, wani lokaci har da ɗan jini. Akwai wadda ba ta da fari ko kaɗan, sai dai a ga ganɗa ko tsakiyar harshe ya yi ja ya yi sumul, mutum yana jin zafi kamar ya ƙone da shayi, abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Akwai tsagewar gefen baki da ba ta warkewa, wadda mu kan ɗora wa hunturu. Mafi muni ita ce wadda ta sauka maƙogwaro. Mai ita kan ji kamar lomar tuwo ta tsaya masa a ƙirji, haɗiyar ruwa ma azaba ce. A ƙauyuka da yawa, har da wasu unguwannin birni, irin wannan mutum wurin wanzami ake kai shi a ce beli ne, a yanke masa, a ƙara masa rauni a kan rauni, da askar da wataƙila za a ɗora wa wani bayansa ba tare da an dafa ta ba. Wanda ba ya iya haɗiya ba ya iya cin abinci, wanda ba ya ci sai rama, rama kuma ta ƙara durƙusar da garkuwar da dama ta raunana. Da yawa daga cikin ramar da ta sa aka laƙaba wa cutar suna ƙanjamau, ta wannan hanya take farawa.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, malam, a cikin al'ummar da ake nuna mutum da baki saboda ya rame, yanzu kuma kana so ka ƙara wa magulmata wata alama? Gobe duk wanda aka ga harshensa ya yi fari sai a ce ai shi ke nan, a raba masa kofi, a hana shi aure, a saki mace a kan zato. Wannan tsoro ne na gaskiya, shi ya sa dole a faɗa da babbar murya cewa funfunar baki ba hujja ba ce ta HIV. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana kawo ta, kuma masu sukari a cikinmu sun ninka masu HIV. Shan kafso barkatai yana kawo ta, domin magungunan kashe ƙwayoyin cuta kan share halittu masu amfani su bar wa kandida fili, mu kuwa mun mayar da su kamar gyaɗa, kowane zazzaɓi taifot ne, kowane taifot sai allura da kafso. Magungunan ƙiba da 'yan mata ke sha, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, yawancinsu na ɗauke da sinadarin da ke danne garkuwar jiki kai tsaye. Haka nan mai asma da ke shaƙar magani ba ya kurkure baki, da dattijo mai haƙoran roba da ke kwana da su, da mai jinyar ciwon daji, da mashayin taba, da wanda yunwa ta ci. Sannan ba kowane farin harshe ne funfuna ba. Mai azumi ko mai zazzaɓi harshensa kan yi fari-fari, asuwaki kaɗai ya wadatar.

Amma a dubi jerin nan da kyau. Babu ko ɗaya a cikinsa da ya dace a rufe shi da ruwan magani a tafi. Idan sukari ne, gara a sani tun kafin ya taɓa ido da ƙoda. Idan sha-ka-fashe ne, gara a sani a daina, bisa shawarar likita, tunda yanke shi farat ɗaya ma yana da nasa haɗarin. Shi ya sa na ce gwaji biyu, kuma a mayar da su ƙa'ida ga kowa, limami da ɗan kasuwa, hajiya da 'yar talla. Abin da ake yi wa kowa ba ya zama zargi ga kowa. Tsangwama tana samun gindin zama ne a inda ma'aikacin lafiya ke duban fuskar mutum da tufafinsa kafin ya yanke shawarar wanda ya yi kama da mai cutar. Ga kuma doka: tun 2014 Najeriya ke da dokar da ta haramta nuna wa masu HIV bambanci a wurin aiki da makaranta da asibiti, ta kuma haramta fallasa sakamakon gwajin mutum ba da yardarsa ba. Ita kanta cutar ba a ɗaukarta ta yawu, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko musafaha a masallaci. Funfunar ma ba ta tsallakawa bakin baligi mai lafiya don ya sha ruwa a moɗar mai ita, tunda wataƙila dama yana da irin tasa a zaune.

Ban ɗauki masu kemis a matsayin abokan gaba ba. A mafi yawan ƙauyukanmu su ne asibitin farko, sau da yawa su ne na ƙarshe, suna buɗewa da dare, suna ba da bashi, kuma mutane sun fi sakin jiki da su fiye da ma'aikacin gwamnati mai tsawa. Sai dai akwai ɓarna ta biyu da ke tattare da sayar da maganin funfuna ba bisa ƙa'ida ba. Maganin da ya fi ci a wannan fage shi ne fulukonazol. Yadda ya kamata a sha shi ga funfunar baki shi ne kullum har kwana 7 zuwa 14, ga ta maƙogwaro kuwa kwana 14 zuwa 21. Abin da aka saba gani shi ne a sayi ƙwaya ɗaya ko biyu gwargwadon kuɗin aljihu, a sha, da an ji sauƙi a bari. Irin wannan shan ɗai-ɗai, ana maimaita shi wata bayan wata a jikin da garkuwarsa ta karye, shi ke koya wa kandida jure wa magani, har a wayi gari ba ta jin sa. Kuma wannan fulukonazol ɗin dai shi ne ginshiƙin kariya da jinyar wani nau'in sanƙarau da wata funfunar ke haddasawa a ƙwaƙwalwar masu ƙanjamau, wanda ke cikin manyan masu kashe su bayan tarin fuka. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfunonin da suka fi zama barazana ga ɗan Adam a karon farko, kuma kandida da wannan ta sanƙarau duk suna rukunin farko. Magungunan funfuna a duniya 'yan kaɗan ne, ba kamar na sauran ƙwayoyin cuta ba. Wanda muke da shi mai araha muna dakushe shi da hannunmu.

Mafita a nan ita ce a jawo masu kemis cikin aikin. Akwai ɗan tsinken gwajin HIV da mutum kan yi wa kansa, ya goga a dasashi ya jira minti 20 ya ga sakamako a cikin ɗakinsa, babu allura, babu layi, babu idon maƙwabci. Abin da tsinken ke nema a ruwan dasashi shi ne shaidar martanin da jiki ya mayar wa cutar, kuma duk wanda ya nuna masa alamar kamuwa sai ya je asibiti an tabbatar. Me zai hana ma'aikatun lafiya na jihohi su zauna da ƙungiyoyin masu kemis, a koya musu gane funfunar baki, a ba su wannan tsinke kyauta ko a farashi mai rahusa, a ba su sunan asibitin da za su tura mutum? Na'urar auna sukari kuwa tuni da yawansu suna da ita a kan kanta. Mai kemis da ya san cewa za a yaba masa idan ya tura mara lafiya gaba, ba zai ga hakan a matsayin asarar ciniki ba.

Wani abin da ke sa mu sakaci shi ne alƙaluma. Babban binciken da aka gudanar gida-gida a faɗin ƙasar nan a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 a lokacin. Shiyyar Arewa maso Yamma ce ta fi ƙaranci da kashi 0.6, yayin da Kudu maso Kudu ke da 3.1. An yi murna, kuma akwai abin murna idan aka tuna cewa a 2001 gwajin mata masu juna biyu ya nuna kashi 5.8, ko da yake hanyoyin ƙidayar biyu ba ɗaya ba ne. Amma kashi 0.6 a shiyyar da ta fi kowace yawan jama'a ba ƙaramin adadi ba ne, mutane ne dubbai masu yawa. Illar ƙarancin ita ce likita ya daina tunanin cutar. Inda ta yi yawa, kowane ma'aikaci idonsa a buɗe yake. Inda aka ce ta yi kaɗan, sai a yi wa mutum jinyar taifot sau biyar, ta olsa sau uku, a je ga mai ruƙiyya, a je ga mai jiƙo, babu wanda ya ce masa buɗe bakinka in gani.

Da a ce muna cikin shekarun 1990 ne, da na fahimci mai gudun gwaji. A wancan zamani sakamakon gwaji tamkar sanarwar ajali ne, har ana yi wa cutar laƙabi da kabari kusa. Babu magani, sai masu da'awar warkarwa, irin hayaniyar da aka sha a ƙasar nan a 1999 da 2000 kan iƙirarin Dokta Jeremiah Abalaka, ko wadda tsohon shugaban Gambiya Yahya Jammeh ya tayar a 2007, inda aka sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu suka koma shan haɗinsa. Gwamnatin Obasanjo ta fara shirin raba magungunan rage kaifin cutar a 2002, da nufin kai wa manya 10,000 da yara 5,000 a cibiyoyi 25, mutum na biyan naira 1,000 a wata, kuma sai mai uwa a gindin murhu ke samun shiga. A 2006 aka mayar da maganin kyauta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina jiran garkuwa ta faɗi, duk wanda aka samu da cutar a ɗora shi a kan magani nan take, Najeriya kuma ta karɓi wannan tsari a 2016. Maganin da yawanci ake bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana. Wanda ya riƙe ta da gaskiya, cikin watanni ƙwayar cutar kan yi ƙasa a jininsa har na'ura ta kasa ganinta, garkuwarsa ta farfaɗo, funfunar baki ta ɗauke da kanta, kuma muddin yana wannan hali ba ya sa wa matarsa ta hanyar auratayya. Wanda ya ƙi gwaji a yau yana gudun abin da ya riga ya sauya kama ne, yana kuma hana kansa da iyalinsa maganin da ke ajiye a asibitin garinsu.

Ga waɗanda suka riga suka san matsayinsu suna shan magani, alamar tana da wata ma'ana dabam. Idan funfuna ta dawo bakin mai shan magani, ɗayan biyu ne galibi: ko dai ba ya sha yadda ya kamata, ko maganin ya daina yi masa aiki. Duka biyun gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ne ke rarrabe su, inda ake ɗaukar abin da ya haura 1,000 a matsayin alamar matsala. Dalilan da ke sa mutane yanke magani sanannu ne ga duk mai aiki a wannan fage. Akwai wanda ya ji ƙarfi ya yi ƙiba ya ɗauka ya warke. Akwai matar da ke ɓoye kwalbarta a cikin buhun gero don kada kishiya ta gani, ranar da ba ta samu sukuni ba sai ta tsallake. Akwai wanda, don gudun idon sani, ya yi rajista a asibitin wata jiha mai nisan kilomita 200, kuɗin mota ya gagare shi. Akwai kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba da garuruwansu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ko rikicin Boko Haram ya tarwatsa a Borno da Yobe, katin asibiti ya ƙone tare da gida. Irin waɗannan idan suka dawo da farin baki, abin da suke buƙata shi ne a karɓe su a sake ɗora su a kan hanya. Ma'aikacin da ya tare su da faɗa da gori, ya sani cewa ba za su sake dawowa ba sai a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Akwai wani gyara da ya rage a ɓangaren asibitocin kansu. Tun da aka ce a ba kowa magani ba tare da duba adadin CD4 ba, sai aka yi watsi da na'urorin wannan gwaji a wurare da dama, kamar ba su da sauran amfani. Alhali a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ta musamman ga waɗanda suka zo a makare, wato masu CD4 ƙasa da 200 ko masu alamun mataki na uku da na huɗu, ta kuma nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu fara magani a wannan hali suke zuwa. Mai funfunar baki mai naci yana cikin wannan rukuni kai tsaye. Irinsa ba a miƙa masa kwalbar magani kawai a ce ya dawo bayan wata uku. Sai an binciki tarin fuka, ta majina da ta fitsari, an gwada jininsa don neman funfunar sanƙarau tun kafin ta hau kai, an ba shi Septrin da maganin rigakafin tarin fuka, an kuma bibiye shi a makonnin farko, domin a nan ne aka fi rasa rayuka. Gwajin fitsari da na jini akwai su a siffar tsinke, ba sa buƙatar lantarki. Tambayar da ya kamata kowane ɗan majalisar jiha ya yi wa kwamishinan lafiyarsa ita ce, asibitoci nawa ne a jihar suke da su a yau, kuma nawa ne a wajen babban birni?

Tambayar ta ƙara zama dole bayan abin da ya faru a farkon 2025. Kaso mafi girma na kuɗin maganin HIV a Najeriya daga waje yake zuwa, musamman daga shirin PEPFAR da Shugaba George Bush ya ƙaddamar a 2003, da kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya. A watan Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. An sassauta wa magungunan ceton rai, amma ma'aikata da dama da ke bin marasa lafiya gida-gida sun rasa aikinsu. A watan Fabrairun shekarar Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 domin sayen magani, matakin da ya cancanci yabo, sai dai ɗigo ne idan aka auna da buƙata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jihohin da ke iya kashe biliyoyi a kan gadar sama da kujerun Hajji ba su da uzurin cewa tsinken gwaji da ruwan nistatin sun fi ƙarfinsu. Idan aka bari magani ya riƙa yankewa, bakunan mutane ne za su fara ba da labari kafin kowane rahoton ofis.

Batun jarirai da na faro da shi ma yana da iyaka. Funfunar makonnin farko abu ne da aka saba, amma wadda ta wuce wata biyu tana naci, ko take dawowa bayan magani, musamman ga yaron da ba ya ƙiba, ko yake yawan gudawa da tari, dalili ne na a gwada uwa da ɗa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa da HIV daga iyayensu mata, mu kuma a Arewa mata da yawa ba sa zuwa awo, a gida suke haihuwa, don haka gwajin da ake yi wa masu ciki ba ya riskarsu. Ranar da aka kawo yaro rigakafi ko aka kawo shi da ciwon baki, wataƙila ita ce kaɗai damar da za a samu. Bakin jariri mai rauni da kan nono mai tsagewa suna sauƙaƙa wa cutar tsallakawa, shi ya sa ake son a yi maganinsu da wuri. Uwar da ke shan maganinta yadda ya kamata kuwa shawarar masana ita ce ta ci gaba da shayarwa, domin a yanayinmu hana yaro nono ya fi kusa da kashe shi.

Sai kuma mu, masu karanta wannan shafi. A kowane dangi mu ake bugo wa waya idan wani ya kwanta, mu ke turo kuɗin magani, mu ke cewa a kai shi wurin wane. Amma idan aka zo batun wannan gwaji, ɗan boko ya fi ɗan ƙauye tsoro, domin yana ganin yana da sunan da zai ɓaci. Babban ma'aikaci ya gwammace ya aiki direba kemis sau goma da ya zauna gaban ƙaramar ma'aikaciyar jinya ta ɗiba masa jini. Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a Kano a watan Mayun 2024, wadda ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure, ta taimaka wajen mayar da gwaji abin da ba a jin kunyarsa. Sai dai takardar ranar aure shaida ce ta ranar da aka yi ta. Ba ta cewa komai game da shekara goma da suka biyo baya, ko ƙarin jinin da aka yi wa mace a wajen haihuwa a wani asibitin da ba ya tantancewa, ko auren da aka ɗaura a ƙauye babu takarda.

Abin da nake nema daga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa da hukumomin kula da lafiya a matakin farko bai kai a kafa masa kwamiti ba. Takardar umarni ce mai shafi ɗaya zuwa ga kowane ɗakin shan magani da kowane asibitin haƙori: a duba bakin duk baligin da ya zo da rama, ko zazzaɓin da ya wuce wata guda, ko gudawa mai naci, ko wahalar haɗiya, wanda aka ga funfuna a bakinsa a yi masa tayin gwajin sukari da na HIV a keɓe, cikin mutunci, a ranar, wanda aka samu da cutar a aika shi inda ake da gwajin CD4 da na tarin fuka a cikin makon. Kayan aikin dubawar tocila ce da ɗan katakon danne harshe, tocilar ma akwai ta a jikin wayar kowane ma'aikaci.